Abin da Ido Ba Ya Gani a Ruwan Sha: Wajibcin Awon Sinadarai da Nauyin da Ke Kan Manazarta Hausa

Gabatarwa

A lokacin da nake tattara samfurin ruwa domin binciken digirina na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, na isa wani ƙauye da ke yankin noman rani a kudancin Kano. Wani dattijo ya tarar da ni ina cika kwalabe daga rijiyar unguwarsu, ina jera su cikin akwatin ƙanƙara. Sai ya ɗebo ruwan a moɗa, ya karkato mini ita domin in ga gindinta, ya ce, "Samari, me kake nema a ruwan nan? Ka ga dai garau yake, babu wari, babu ɗaci." Na ce, "Baba, akwai abin da ake dubawa," daga nan magana ta ƙare mini. Amsar tana kaina da Ingilishi, amma na rasa yadda zan faɗa masa ita da Hausa ba tare da na tsorata shi ko na yi masa ƙarya ba. Taku kaɗan daga bakin rijiyar kuwa, wani matashi yana ɗauraye tankin feshinsa yana zubar da ruwan a ƙasa.

Wannan gazawa tawa ita ce dalilin rubuta wannan maƙala. Ra'ayin da nake son gabatarwa shi ne, awon sinadarai masu tushen kabon a ruwan sha ya kamata ya zama aiki na yau da kullum a ƙasar Hausa, kuma awon ba zai amfani kowa ba matuƙar sakamakonsa bai isa ga masu shan ruwan cikin harshen da suke ji ba. Rabin farko na aikin yana hannun masana sinadarai da hukumomi. Rabi na biyu yana hannun masu karanta wannan mujalla.

Abin da ake nema a cikin ruwan

Bahaushe yana auna ruwa da ido da hanci da harshe. Littattafan fiƙihu da muka tashi da su a makarantun zaure ma sun sanya launi da ɗanɗano da ƙamshi su zama ma'aunin canzawar ruwa a babin tsarki, kuma wannan ma'auni yana nan daram a fagensa na ibada. Karin maganar nan ta "ruwa ba ya tsami banza" ta ginu ne a kan wannan fahimta: idan ruwa ya ɓaci, zai nuna alama. Sai dai zamani ya kawo wasu abubuwa da ke shiga ruwa ba tare da ya yi tsami ba.

Abubuwan da nake nufi su ne sinadaran da ginshiƙin ƙirarsu kabon ne. Daga cikinsu akwai magungunan ƙwari da na ciyawa, irin su atirazin da farakwat da lindan, wanda aka fi sani da Gamalin, da kuma daikulobos, wanda ke cikin abin da ake kira fiya-fiya a kasuwa. Akwai dangin man fetur, musamman benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Akwai rini da sinadaran wanki na masana'antu, da ragowar magungunan mutane da na dabbobi da ke bin najasa, da kuma wasu da ke samuwa a cikin matatar ruwa kanta yayin da kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da ke narke cikin ruwan kogi.

Abin da ya sa waɗannan suke da wuyar sha'ani shi ne ƙanƙantar adadin da ke iya yin illa idan aka daɗe ana sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada benzin ya wuce maikirogiram 10 a kowace lita. Ga aldirin da dayaldirin, tsofaffin magungunan ƙwari, iyakar ita ce maikirogiram 0.03. Tarayyar Turai ta sanya maikirogiram 0.1 ga kowane maganin feshi guda, da 0.5 ga jimillarsu. Domin a fahimci ma'aunin, maikirogiram 1 a lita daidai yake da giram 1 da aka narkar cikin lita miliyan 1, wato kimanin tanka 30 masu ɗaukar lita 33,000, ko ledar ruwa mai rabin lita guda miliyan 2. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido bai san komai ba. Illar ma ba ta zuwa da gudawa da amai cikin kwana ɗaya. Tana zuwa ne bayan shekaru, a hanta ko ƙoda ko jini, lokacin da babu wanda zai tuna da rijiyar.

Yadda ake awon

Awon yana farawa ne tun daga bakin rijiya. Ana ɗiban ruwan a kwalbar gilashi mai duhu, domin roba tana iya shanye wasu sinadaran ko ta zuba nata, haske kuma yana wargaza wasu. Idan ana neman masu saurin tashi irin su benzin, sai a cika kwalbar fal ba tare da an bar iska ba. Daga nan a sanyaya ta zuwa kimanin digiri 4, a gaggauta kai ta ɗakin gwaji. Samfurin da ya wuni a bayan mota cikin zafin watan Afrilu ya riga ya lalace, kome tsadar na'urar da za a saka shi.

A ɗakin gwaji, ana bi da ruwan ta cikin wani ɗan bututu mai ɗauke da garin da ke kama sinadaran, sannan a wanko su da ɗan ruwan narkarwa kaɗan. Ta haka abin da ke warwatse cikin lita guda yake taruwa a cikin mililita guda. Sai a tura shi cikin na'urar kuromatogirafi, dabarar da masanin tsirrai na Rasha Mikhail Tsvet ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, wadda kuma A. T. James da A. J. P. Martin suka fito da nau'inta mai aiki da iskar gas a Ingila a 1952. Zuciyar na'urar wani siririn bututu ne mai tsawon kimanin mita 30, wanda faɗin raminsa bai wuce rubu'in milimita ba. Ana iya kwatanta abin da ke faruwa a cikinsa da ayarin da ya shiga kasuwa ta ƙofa ɗaya: wani ya wuce kai tsaye, wani ya tsaya a kowace rumfa, saboda haka kowa da lokacin fitarsa ta ɗaya ƙofar. A bakin fitar akwai na'ura ta biyu da ke farfasa kowane sinadari ta auna nauyin ɓarɓashinsa. Tsarin ɓarɓashin ya zama tamkar zanen yatsa da ake gane mai shi da shi. Wannan haɗin shi ne ake taƙaitawa da GC-MS, kuma yana da ɗan'uwa mai aiki da ruwa maimakon gas, LC-MS, domin sinadaran da ba sa jure zafi.

Akwai abubuwa biyu game da wannan aiki da ya kamata wanda ba masanin sinadarai ba ya riƙe. Na farko, a mafi yawan gwaje-gwaje na'ura tana ba da amsar tambayar da aka yi mata ne kawai. Idan an nemi sinadarai 20, ba za ta ce uffan game da na 21 ba. Na biyu, kowace hanya tana da iyakar ganinta. Idan takarda ta ce "ba a gano ba," ma'anarta ita ce abin bai kai adadin da wannan hanya ke iya gani ba. Idan iyakar ganin ta fi iyakar da doka ta sanya, to takardar ba ta wanke ruwan daga zargi ba.

Darasi daga wurare uku

A 1974, wani masanin sinadarai na hukumar ruwa ta birnin Rotadam a ƙasar Holan, Johannes Rook, ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa kulorin da ake zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta yana haɗuwa da narkakkun abubuwan da ke cikin ruwan kogi ya haifar da kulorofom da danginsa. An shafe shekaru fiye da 60 ana zuba kulorin a ruwan birane kafin a lura da haka, saboda sai a lokacin aka sami na'urar da ke iya gani. Ba a daina amfani da kulorin ba. Abin da aka yi shi ne gyara tsarin tacewa, a rage dattin kafin a zuba shi, sannan aka sanya iyaka ana bibiya.

A Parkersburg da ke jihar West Virginia ta Amurka, shanun wani manomi ne suka fara mutuwa a kusa da wurin zubar da sharar kamfanin DuPont. Lauya Robert Bilott ya shigar da ƙara a 1999, kuma daga takardun shari'ar aka gano sinadarin PFOA, wanda ake amfani da shi wajen yin Teflon, ya shiga ruwan shan yankin. An ɗebi jinin mutane kimanin 69,000, kuma zuwa 2012 kwamitin masana ya bayyana cewa akwai yiwuwar alaƙa tsakanin sinadarin da cututtuka 6, ciki har da sankarar ƙoda. A watan Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya masa iyakar nanogiram 4 a lita, wato giram 4 cikin lita biliyan 1. Shekara 25 ke nan tsakanin ƙarar da dokar.

Misali na uku na gida ne. A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas. A Nisisioken Ogale, cikin ƙaramar hukumar Eleme, an sami benzin a rijiyoyin da mutane ke sha da ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, an kuma tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Ogoni sun shekara da shekaru suna kuka kafin wannan rana. Abin da awon ya ƙara shi ne lamba wadda ba a iya musantawa, kuma a kanta aka dogara wajen neman a kai wa al'ummar ruwan sha cikin gaggawa. Talaka mai ƙorafi ana iya cewa surutu yake yi. Idan yana riƙe da sakamakon gwaji, dole a zauna da shi.

Halin da muke ciki

Babu rijiyar mai a Kura ko Talata Mafara, amma hanyoyin da irin waɗannan sinadarai ke bi su shiga ruwa suna nan a gabanmu. Tun bayan gina madatsun ruwa na Tiga da Bakolori a shekarun 1970, noman rani ya bunƙasa, kuma a yau feshi ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa. Ruwan da ya fita daga fadamar shinkafa da tumatir yana komawa kogi ne ko ya nitse ƙasa. A birnin Kano, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, musamman majemu da masaƙu, sun daɗe suna da alaƙa da magudanan da ke zuba a kogin Challawa da na Jakara. A Kaduna akwai unguwar masana'antu ta Kakuri da matatar mai. A kowane gari kuma akwai gidajen mai masu tsofaffin tankuna a ƙarƙashin ƙasa, da garejin da ake zubar da baƙin mai a tsakar fili, alhali maƙwabta na haƙa rijiyar burtsatse a bayan katanga.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijeriya tana da ma'aunin ingancin ruwan sha mai lamba NIS 554, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, kuma ya ambaci magungunan feshi da man ma'adinai da wasu sinadarai masu kabon. Ƙasar ta shiga Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara da haramta ko taƙaita sinadarai 12 masu daɗewa a muhalli, aka ƙara lindan a 2009. Akwai NAFDAC da ke yi wa ruwan leda da na gora rajista, akwai NESREA da ke kula da dokokin muhalli. Amma duk wanda ya taɓa kai ruwan sabuwar rijiya gwaji ya san irin takardar da aka fi bayarwa: tsami ko kanwa, gurɓi, gishiri, ƙarfe, da ƙwayoyin cutar bayan gida. Waɗannan suna da muhimmanci, kuma su ne masu araha. Gurbin sinadarai masu kabon kuwa galibi babu shi a takardar. A jami'o'inmu ana yin bincike a kan batun, sai dai yawancinsa na ɗalibi ne mai neman digiri, wanda zai ɗebi ruwa na 'yan watanni, ya rubuta kundi da Ingilishi, a ajiye a kanta. Sa ido na haƙiƙa yana nufin a koma wuri ɗaya a auna abu ɗaya, rani da damina, shekara bayan shekara, har a ga ko abin yana hawa ko yana sauka.

Hujjar masu cewa ba yanzu ba

Akwai masu ganin wannan magana ta masu ƙoshi ce. Suna cewa, a ƙasar da kwalara ke kashe mutane kowace damina, kuma mata ke tafiyar kilomitoci neman ruwa kowane iri, kuɗin da za a sayi na'ura guda da shi ya isa a haƙa rijiyoyi masu yawa. Suna ƙarawa da cewa na'urar tana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, da iskar hiliyom da ake shigowa da ita, da injiniyan da sai an kira shi daga nesa. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Ƙwayoyin cuta su ne haɗari na farko, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi gargaɗin kada a sassauta kashe su saboda tsoron abin da kulorin ke haifarwa.

Inda na saɓa da su shi ne zaton cewa dole a zaɓi ɗaya. Rijiyar da aka haƙa ba tare da awon sinadarai ba tana iya zama musiba, kamar yadda mutanen Tibiri a jihar Maraɗi suka gani, inda ruwan burtsatse mai yawan fulorayid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama kafin a farga. Fulorayid ba ya cikin dangin kabon, amma darasin ɗaya ne. Kuma ba a bukatar na'ura a kowace ƙaramar hukuma. Ɗakunan gwaji biyu ko uku masu ingantacciyar shaida, a jami'o'in da ke da ma'aikatan, sun isa su ɗauki nauyin Arewa maso Yamma idan hukumomin ruwa na jihohi suka haɗa kuɗi. Ba a kuma bukatar neman sinadarai dubu. A tambayi dillalan kayan feshi abin da suka fi sayarwa, a duba abin da masana'antun yankin ke amfani da shi, a tsara taƙaitaccen jeri, a auna mashigar matatun ruwa irin ta Tamburawa da zaɓaɓɓun rijiyoyi a lokutan feshi da farkon damina. Wannan aiki ne da ake iya ɗauka.

Nauyin manazarta Hausa

Mu ɗauka an yi duk wannan, sakamako ya fito. Wa zai faɗa wa dattijon nan, kuma da waɗanne kalmomi? A nan ne matsalar ta koma ta harshe.

Kalmar Ingilishi da ake furtawa "oganik" ta riga ta shigo Hausa ta ƙofar noma, inda ake fassara ta da "na gargajiya" ko "na asali," kamar a takin gargajiya. Mai fassarar da ya ɗauko wannan ma'ana ya kai ta rahoton ruwa zai mayar da guba ta zama abin yabo, domin a kimiyyar sinadarai kalmar tana nufin mai ɗauke da kabon ne kawai. Haka kuma kalmar "magani" tana ɗauke da abin da ake sha a warke da abin da ake fesawa a kashe. Wanda ya ji an ce akwai magani a ruwa, bai ji gargaɗi ba. Kalmar "guba" kuwa ta wuce gona da iri ta wani ɓangaren, saboda a kunnen Bahaushe guba ita ce wadda ake ci a faɗi nan take. Idan aka ce rijiya da guba, aka sha aka kwana lafiya, mai gargaɗin ya zama maƙaryaci. Ba mu da tsayayyar kalma ta cutarwar da ke taruwa a hankali, ko ta iyakar gani, ko ta bambanci tsakanin "an sami alama" da "an wuce iyaka."

Kuskure a nan yana da farashi ta fuska biyu. Idan fassara ta yi sanyi, mutane za su ci gaba da sha. Idan ta yi zafi, za su guje wa ruwan famfo mai kulorin su koma kududdufi, su faɗa hannun kwalara. Akwai kuma shawarwarin da dole a faɗe su daidai: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire yawancin magungunan feshi, alif yana kwantar da gurɓi, amma ba ya kama abin da ya narke, gawayin da ke kama waɗannan sinadarai sarrafaffe ne na musamman, ya bambanta da na murhu, jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha kome wankin da aka yi mata.

Fagen nazarin Hausa ya taɓa yin irin wannan aiki. Littafin keɓaɓɓun kalmomi na Hausa Metalanguage, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990, ya ba mu kalmomin nazarin harshe da adabi da muke koyarwa da su a yau. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006. Abin da nake roƙo shi ne a yi makamancin haka ga ingancin ruwa: a zaunar da masanin sinadarai da masanin ma'ana da ɗan jaridar rediyo a teburi ɗaya, su fitar da taƙaitaccen jerin kalmomi, sannan a gwada su a kan manoma da 'yan garuwa da matan gida kafin a buga, da boko da ajami. A haɗa da abokan aiki na Yamai da Maraɗi da Damagaram, domin kogi da kasuwar kayan feshi ba su san iyaka ba. Sassan Hausa kuma za su iya ba ɗaliban fassara aikin juya taƙaitattun kundayen binciken ruwa da ke jibge a sassan kimiyya.

Kammalawa

Kira na ga hukumomin ruwa na jihohi shi ne su sanya awon sinadarai masu kabon cikin kasafinsu na shekara, su kuma riƙa bayyana sakamakon a fili, da Hausa, a rediyo da allunan ofisoshinsu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kira na ga 'yan'uwana masu binciken sinadarai shi ne kada mu ɗauki ruwan mutane mu tafi ba mu koma mun faɗa musu abin da muka gani ba. Ga malamaina na fagen Hausa kuwa, na kawo kukan ne inda nake zaton za a share mini hawaye. Dattijon nan ya yi mini tambaya mai ma'ana, kuma yana da haƙƙin samun amsa cikin harshensa. Har yanzu bashin yana kaina, kuma ba zan iya biyansa ni kaɗai ba.